Asabar ɗinmu a kan bencin 'yan firamare

Na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano a watan Oktoban 2019, bayan shekara guda a Leeds ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Chevening ce ta ɗauki nauyina, wato tallafin karatun da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa tun 1983. Suna biyan kuɗin makaranta da na jirgi da na ci da sha, da sharaɗin in ka gama ka koma ƙasarka ka yi aƙalla shekara biyu. Sati biyu gidanmu bai rabu da 'yan sannu da zuwa ba. Kusan duk wanda ya zauna ya sha ruwa, kafin ya miƙe sai ya rage murya ya ce, "To wai ta yaya ake samun abin nan? Ko sai da hanya?"

Wannan tambayar ta tsaya mini a rai, domin ni ban san kowa ba na samu. Abin da na samu shi ne wata malamata a Jami'ar Bayero da ta karanta rubutuna sau huɗu tana dawo mini da shi.

Akwai wani zauren WhatsApp na waɗanda suka je karatun Chevening suka dawo, 'yan Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, aka saka ni a ciki. Zumunci ake yi sosai. Barka da Juma'a, katin ɗaurin aure, ta'aziyya idan an yi rashi. Na ba da shawarar mu haɗu ido da ido, aka amsa, mu goma sha ɗaya muka zo. A nan muka fara da kuskure, kuma har da bakina a ciki. Muka ce sai an rubuta kundin tsarin mulki tukuna, a zaɓi shugaba da mataimaki da sakatare da ma'aji da mai binciken kuɗi da jami'in hulɗa da jama'a. Zama uku muka yi a kan wannan takarda, ni aka ba sakatariya. Sai korona ta zo, aka kulle Kano a watan Afrilun 2020, kowa ya shiga gida. Na daɗe ina cewa annoba ce ta kashe ƙungiyar. Daga baya na yarda cewa ko babu annoba mutuwa za ta yi, saboda mun raba muƙamai ba mu raba aiki ba. Babu mutum ɗaya a cikinmu da zai iya faɗin abin da za a yi ranar Asabar mai zuwa.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tashe mu, ƙawar ƙanwata. Ta zo gidana a ƙarshen daminar 2020 da kwamfutar aro, tana son cike fom ɗin neman Chevening. A fom ɗin akwai tambayoyi huɗu da ake amsawa a rubuce: shugabanci, iya hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwas, da abin da za ka yi in ka dawo. A lokacinmu kowace amsa ba ta wuce kalma 500. Ta rubuta uku, ta bar ta farko fayau.

"Anti, ni fa ban taɓa shugabantar komai ba," in ji ta.

Na ce ta rufe kwamfutar ta ba ni labarin asibitin ƙauyen da take aiki. Muna ɓarar gyaɗa tana magana. Can cikin hira ta ambaci cewa a da matan da naƙuda ta kama cikin dare ba sa samun abin hawa, wasu a hanya suke haihuwa. Aka je wajen mai unguwa, aka tara masu Adaidaita Sahu guda biyar, aka raba musu kwanaki, aka kafa adashe a tsakanin mata don kuɗin mai, aka rubuta lambobinsu a jikin bangon asibiti.

Na ce, "Wa ya je wajen mai unguwa?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "An dai je."

"Wa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce, Anti. Amma ai wannan taimako ne."

A ranar na gane inda gizo ke saƙar. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma harshenmu ma ya ba mu mafaka: an yi, aka tara, aka gyara. Mutum zai kwashe shekara uku yana jan ragamar abu, in ya zo ba da labari sai ya ɓuya a bayan "aka". Masu karanta fom ɗin kuwa suna neman wanda ya yi, da yadda ya shawo kan waɗanda suka ƙi, da abin da ya canja. Ni ban ga laifin tarbiyyarmu ba, ina ma alfahari da ita. Sai dai faɗin gaskiyar abin da ka aikata ga wanda ya tambaye ka shaida ce, kuma ɓoye ta na iya hana ƙauye guda samun ma'aikaciyar da ta ƙaro ilimi. Yarinyar nan ta rubuta amsarta da kanta, aka kira ta ganawar tantancewa, a watan Satumban 2021 ta tafi Liverpool.

Da na ba da labarin a zaure, ban ce a farfaɗo da ƙungiya ba. Cewa na yi ina neman mutum uku da za su ba ni safiyar Asabar daga Agusta har a rufe karɓar fom, wanda kan faɗo a Oktoba ko farkon Nuwamba gwargwadon shekara. Mutum huɗu suka amsa. Wata ƙawata mai makarantar firamare a Tarauni ta ba mu aji ɗaya kyauta. A lokacin ƙarfe goma muke farawa, mu tashi da kiran azahar. Bencin yara ne, gwiwar manya na tokarar tebur, ga jadawalin sau-sau a jikin allo. Kowa sai ya fara ba da labarinsa da Hausa, wani na gefe yana rubuta duk inda ya ce "aka", sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambayar wa ya yi. Bayan nan ne ake taɓa Turanci. Muna kuma zama da kalkuleta mu lissafa awannin aiki, domin ana buƙatar awa 2,800, kimanin shekara biyu ke nan, kuma da yawa ba su san aikin sa-kai da na wucin gadi suna shiga lissafi ba. Akwai wanda ya shekara huɗu yana koyar da marayu lissafi da yamma, yana ganin bai cancanta ba.

A shekarar farko na yi abin da har yau yake damuna. Wani matashi injiniya, mai ƙoƙari ƙwarai, rubutunsa ya ƙi daidaituwa, ga lokaci ya ƙure. Na karɓi kwamfutarsa da daddare na ce zan ɗan gyara. Gyara ya zama sabon rubutu. Aka kira shi ganawa, muka yi ta murna. Da ya fito ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Anti, sun ɗauko wata jimla sun ce in yi bayani, ni kuma ban san me kike nufi da ita ba." Bai samu ba. Na zalunce shi, na kuma zalunci wanda ya rubuta nasa da guminsa, ko da an ce niyyata alheri ce. Na faɗa wa abokan aikina abin da na yi ba tare da rufa-rufa ba, muka kafa doka ɗaya: babu tsohon ɗalibin da zai ɗora yatsa a kan kwamfutar mai nema. Tambaya da fensir kawai. Yanzu da ChatGPT ya zo dokar ta ƙara amfani, don da mun ga sakin layi mai santsi fiye da bakin mai shi, sai mu ce ya rufe ya maimaita mana da Hausa.

Jagorantar waɗanda suka dawo kuwa wani karatu ne daban. Wannan likita ne, wancan lauya, waccan darakta a ma'aikata, kowa da uzurinsa na gaskiya, ba ka biyan kowa albashi balle ka ba da umarni. Idan na rubuta a zaure cewa ana neman masu taimako, sai a yi ta turo addu'a, ranar Asabar in ga mutum biyu. Da na koma kiran waya ina cewa, "Yaya, Asabar ta sama, mutum biyu kawai za ka duba mini, awa ɗaya," da wuya a ce mini a'a. Mutum na gudun alkawarin da bai ga ƙarshensa ba, amma awa ɗaya kowa na iya bayarwa.

Akwai wani dattijo a cikinmu da ya yi nasa karatun tun shekarun 1990, ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Bai taɓa cewa uffan a zaure ba, har wasu na cewa girman kai ne. Na sa mijina ya raka ni gidansa bayan la'asar, muka gaisa, na ce, "Baba, yaran nan suna tsoron ganawa, ba su taɓa zama gaban manya ana yi musu tambaya da Turanci ba." Ya ce ai ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya masa ana bukatarsa. Tun daga nan, duk Fabrairu da Maris shi ke zama a tsakiya a ganawar gwaji, da tabaransa a kan hanci, yana katse mutum ya ce, "Ban gane ba, sake." Yaran na fita suna share gumi, amma da yawansu sun ce ta gasken ta fi tasa sauƙi.

Shi ne kuma ya warware mana matsalar da ta fi ƙarfina. Mata kan fara zuwa da ɗoki, sati na uku sai a neme su a rasa. In ka bincika, maigida ne ko mahaifi bai gamsu ba, ga shi tallafin ba ya ɗaukar nauyin iyali. Baba ya ce a kira mazan. Muka ware Asabar guda ta iyaye da mazaje, aka dafa shayi. Wani mahaifi ya tambaye ni kai tsaye, "Hajiya, a ina za ta yi salla, me za ta ci, da wa za ta zauna?" Na gaya masa abin da na gani da idona: babban masallacin Leeds a unguwar Hyde Park yake, da ƙafa nake zuwa daga jami'a, ga shagunan naman halal a kan layi. Na gaya masa wahalar ma, cewa a Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, azumin 2019 kuma da ya faɗo a watan Mayu mun riƙa kai wajen awa 18. Mijina ya faɗi yadda ya riƙe yara shekara guda da taimakon mahaifiyarsa, bai ɓoye cewa da wuya ba. Wasu sun amince a ranar, wasu sun ce sai sun yi shawara, akwai kuma wanda bai amince ba har yau, muna gaisawa da shi lafiya.

Kuɗin wata-wata bai taɓa yi mana aiki ba, mun gwada sau biyu. Karo-karo muke yi idan bukata ta taso, kuɗin fasfo ko na jarrabawar Turanci ta IELTS ko na mota zuwa Abuja, a tura hoton rasit a zaure a ranar. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, masu zuwa daga Wudil da Bichi suka ragu, dole muka mayar da rabin zaman ta waya muna saya musu data. A shekarar ce kuma siyasa ta shigo mana. Zaɓen gwamna na 18 ga Maris ya raba zauren biyu, aka gaya wa juna maganganu, mutum biyu suka fice. Na bi su har gida. Ɗaya ya dawo, ɗayan ya ce ya yafe amma ba zai dawo ba, kuma rashinsa ya taɓa mu don shi ya fi kowa iya duba tsarin aikin da mutum zai yi in ya dawo. Muka buɗe zaure na biyu na aiki zalla, na farkon aka bar shi na gaisuwa.

Yawancin waɗanda ke zama a bencin nan ba sa samu, guraben kaɗan ne, masu nema kuma dubbai. Mun yi gardama a kan ko waɗanda ba su samu ba suna da wuri a cikinmu. Wasu na ganin ƙungiyar ta waɗanda suka je ce. Ni na tsaya a kan cewa wanda ya nema sau biyu ya faɗi ya san fom ɗin fiye da wanda ya cike shi shekara goma da suka wuce. Muna nuna musu wasu ƙofofin tallafin karatu, Commonwealth da DAAD ta Jamus da PTDF ta Najeriya, kuma da yawansu sun zama ginshiƙin zaman. Injiniyan nan da na ɓata wa rubutu ya sake nema da kalmominsa bai dace ba, amma mukullin ajin a hannunsa yake, shi ke riga kowa zuwa ya share allo.

A watan Agustan 2023 na haihu, aka yi mini aiki. Asabar uku a jere ba a zauna ba, a daidai lokacin da aka fi bukata, saboda lambobin waya da jadawali da sunan wanda ke duba wa duk a kaina suke da wayata. Ina kwance ina jin kiran yara ba halin ɗauka. Ashe duk shekarun nan da nake jin daɗin ana cewa ba don ke ba da abin ya rushe, rauni ake nuna mini. Da na samu sauƙi na sayi babban littafi mai bango mai kauri, na zauna sati biyu ina juye komai a ciki, muka kuma amince cewa ba wanda zai riƙe ragama fiye da shekara biyu.

A Asabar ta farko ta Agustan 2024 na miƙa littafin ga ma'aikaciyar jinyar nan, wadda ta dawo daga Liverpool ta koma aikinta. Ta canja abubuwa tun ranar, ta mayar da farawa ƙarfe tara, ta raba mutane gida uku maimakon biyu, ba ta tambaye ni ba. Na koma bencin baya da jaririyata a cinya, aka haɗa ni da wani malamin sakandare daga Gezawa. Na ce ya ba ni labarin makarantarsu, ya gyara zama ya ce, "To, Anti, shekarar da rufin ajin ya yaye, sai aka tara iyayen yara."