Talata: jijiyar jini da ruwan bagaruwa

Tun bayan sallar asuba nake zaune a zauren gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, ina rubuta babin aikin digirina a kan kolajin, wato furotin ɗin da ke ba fata da jijiya ƙarfi, da yadda masana ke son gina jijiyar jini da shi. Buƙatar a fili take, domin bututun roba irin na Dacron yana aiki a manyan jijiyoyi, amma idan faɗin jijiya bai kai milimita 6 ba, kamar na zuciya, jini yakan daskare a ciki ya toshe shi.

A 1986 wasu masana biyu, Weinberg da Bell, suka haɗa kolajin da ƙwayoyin halittar jijiyar saniya suka yi bututu, sai dai ya yi laushin da dole suka tallafe shi da ragar Dacron. Kolajin da aka narkar aka sake daskarar da shi yawancinsa ruwa ne, zarensa kuma a warwatse yake, alhali a jikin mutum zaren ya kewaye bangon jijiya a jere. Jini yana bugawa da kusan 120 a ma'aunin hawan jini, amma jijiyar ƙafa da likitoci ke cirowa don dashe takan jure fiye da 1,000 kafin ta fashe.

Da la'asar na leƙa majema, na tarar da ƙanen mahaifina yana tsamo fatar akuya daga ruwan bagaruwa, yana murza gefenta da yatsu biyu. Na ce, "Baba, me kake dubawa?" Ya ce, "Ɗana, in jima ta yi kaɗan fata ta ruɓe, in ta yi yawa ta ƙage ta tsage." Abin da bagaruwa ke yi ke nan, tana ɗaure zaren kolajin da juna, kuma haka sinadarin gulutaraldehaid yake yi a ɗakin gwaji, sai dai yana sandarar da bututun, ragowarsa kuma tana kashe ƙwayoyin halitta.

Wannan sandarewar ce ta fi damuna. Jijiya mai rai tana buɗewa ta koma da kowane bugun zuciya saboda elastin da ke cikinta, wato furotin mai miƙewa kamar roba, kuma idan aka ɗinka mata bututun da ba ya yin haka, nama yakan taru a mahaɗar har hanyar jini ta ƙuntata. Saboda haka bayan isha'i na ware wa awon miƙewa da komawa sashe na kansa, daidai da na awon fashewa.