Kaushin ƙadangare ba irin namu ba ne

Jiya da hantsi ina tsakar gida ina fama da faso, na shafa basilin na shafa man kaɗanya amma diddigen nan sai ƙara tsagewa yake, sai ga wani jangwada ya baje kan katanga yana shan rana yana ta gyaɗa kai abinsa. Na ce oh ni, duk hunturun nan ko a jikinsa, alhali fatarsa ta fi tawa bushewa nesa ba kusa ba.

To bushewar ce ma rufin asirinsa. Ɓawon jikin nasa keratin ne, irin abin da aka yi farcenmu da gashinmu da ƙahon saniya da shi, shi ke tare ruwan jiki ya hana shi fita, kuma su ba sa gumi sam. Haka damo, haka kunkuru, kada ma har ƙashi gare shi a ƙarƙashin ɓawon bayansa. Kwaɗo kuwa Allah sarki, fatarsa ba kauri kuma sai da danshi, har numfashi yake da ita, ruwa ma ba da baki yake sha ba, ta fata yake zuƙa, shi ya sa da rani ya kama za ka daina jin kukansu, sun shige ƙasa sai damina.

Abin da ke ba ni dariya, mutane da yawa sun ɗauka maciji yauƙi gare shi kamar tarwaɗa. Wallahi ƙyalli ne kawai. Ina yaro na tsinci saɓar maciji a bayan rumbun kakata, a bushe ƙamas, ba nauyi, a juye take kamar an tuɓe safa, kuma har gurbin idanu akwai a jiki don maciji bai da fatar ido, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, shi ma tare yake fita. Kaka ta ce maza in yar, ni ko na cusa a gwangwanin madara na ɓoye, sai da ƙanwata ta tona min asiri na sha faɗa.

Ƙadangare shi guntu-guntu yake saɓarsa, ka gan shi da fari-fari a wuya kamar mai makero. Mu kuma kullum cikin zubar da tamu muke kaɗan-kaɗan, ka sosa ƙwaurinka yanzu ka ga farin da zai tashi.