Abin da ruwan sama ya wanko daga katangata

Duk watan Agusta katangar gidanmu a Gwammaja, cikin Kano, sai ta yi baƙi da fumfuna daga ƙasa har gwiwa. Bara na gaji, na je Ƙofar Ruwa na sayo farin fenti mai maganin fumfuna. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan akwai azurfa a ciki, ba abin da zai tsira a jikinsa." Maganar ta tsaya mini a rai, don na karanci ilimin ƙananan halittu kafin kasuwa ta janye ni.

Azurfar da yake nufi gari ce da ido ba ya gani, ƙwayar ba ta wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen 80,000. Idan ta jiƙa takan saki sinadarin da ke lalata fatar bakteriya. Farin fenti kuma daga wani sinadari mai suna taitaniyam dayoksaid yake, kuma mafi ƙanƙantar ƙwayoyinsa, in rana ta dake su, su ma kisa suke. To amma ba sa zama a bango. A 2010 masu bincike a Suwizalan sun ga fiye da kashi 30 cikin ɗari na azurfar wani bangon gwaji ta bi ruwa cikin shekara guda.

Da damina ta sauka sai na kafa roba a gindin katangar, na tari ruwan da ya gangaro. Na shuka wake a tukwane shida: uku ina ba su wannan ruwa, uku na indararo. Maiɗakina dai dariya take, wai na mayar da tsakar gida lambu. Bayan mako shida na tuge su. Saiwar wake tana da 'yan ƙullutai inda bakteriyar da ke kamo naitirojin, abincin shuka, daga iska take zama, kuma ƙullutun da ke aiki in ka tsaga shi da reza cikinsa ja-ja ne. Na indararo haka na same su, sun cika saiwa. Na ruwan katanga ƙalilan ne, wasu cikinsu fari fat.

Na yi saurin ɗora wa azurfa laifi, sai wani abokin karatuna ya taka mini burki. Irin wannan fenti akan zuba masa wasu magungunan kashe fumfuna daban, su ma ruwa na wanke su, sabon siminti kuma yana sa ruwa ya yi kanwa-kanwa. Da na yi hankali, da na ƙara tukwane uku da ruwan bangon da ba fenti.

Duk da haka na canza hannu. Na kwashe tattasai da zogale daga gindin katangar. Da mai fenti ya dawo yin ɗakin baƙi, na sa ya jiƙa bango kafin ya goga sanfefa, ya ɗaura takunkumi. Da ya ɗauki buroshi zai wanke a kwata na ce, "Malam, dakata, kwatar nan rafin Jakara take zuwa, da ruwanta ake ban ruwan latas." Ya zuba ruwan wankin a tsohon bokiti, muka bar shi a rana ya bushe.