Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Aikin Tilliya

Makon jiya na tsaya a kan harin Banibangu, a yammacin Nijar, na 15 ga Maris 2021, wanda aka tare motocin masu dawowa daga cin kasuwa aka kashe mutum 58. Ina cikin tattara bayanansa a Yamai shugabana ya shigo biro ya ce, "Ajiye wannan, Tawa za ka tafi." Ran Lahadi 21 ga watan, mahara bisa babura sun afka wa Intazayan da Bakorat da Wistan, ƙauyuka cikin yankin Tilliya na jihar Tawa. Gwamnati ta ce mutum 137 suka mutu, ta sa zaman makoki na kwana uku. A ranar ce kuma kotun tsarin mulki ta tabbatar da zaɓen Mohamed Bazoum a matsayin shugaban ƙasa, shi ya sa a Yamai hirar siyasa ta kusa danne labarin.

Yankin yana cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, ba a shigarsa haka kawai. Sai an gai da gwamna, an sanar da prefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, an yi ta jira. Wannan duk sauƙi ne.

Wahalar tana kan tabarma. Waɗanda abin ya shafa Buzaye ne, ni kuwa Tamashek ɗina bai wuce gaisuwa ba, dole sai da tafinta. Ba kowane tafinta ba: in danginsa na da tsohuwar gaba da dangin mai magana, rabin zancen za ka samu. Mata kuma ba sa buɗe baki gaban maza, abokiyar aikina ce ke zama da su. Shayi uku za a sha kafin a taɓo maganar, kuma wanda ya yi gaggawa ya tashi hannu wofi.

Wani dattijo da ya binne 'ya'yansa ya dubi littafin da ke hannuna ya ce, "Yaro, kai gobe kana Yamai. Ni a wace rijiya zan shayar da raƙumana?"

"Baba, ba zan rubuta sunanka ba, ko na zangonku."

"To rufe wayar nan."

Na rufe. Mahara na da kunnuwa a kasuwanni, mai ba da shaida kuma shi ake bari a wurin. Don haka lamba nake sa wa kowa, sunayen suna wata takarda daban da ba ta kwana jaka ɗaya da littafin.

Lissafin mamata ma aiki ne. Mohamed nawa ne a zango guda? Sai an haɗa da sunan uba da na kaka, in ba haka ba ka ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Abin da baki ɗaya ya faɗa ba ya shiga rahoto sai wani da bai zauna da shi ba ya maimaita.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne wane ne ya yi kisan. Zargi ya tafi kan 'yan IS na Sahara, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, amma a bakin mutane sunan ƙabila ke fitowa: "Fulani ne." Na ƙi rubuta hakan, har muka yi sa-in-sa da wani abokin aiki. Bafulatanin da ke kiwo gefen Tasara, maƙwabciyar Tilliya, bai kashe kowa ba, kuma layi ɗaya a rahoto na iya jawo masa ramuwar gayya. Na rubuta kayan da maharan suka sa, harshen da aka ji sun yi, da inda baburansu suka nufa.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin shingen da aka tsayar da mu a hanyar komawa Tawa, littafin yana ƙarƙashin kujerar direba.