Goge guda, hannu daban-daban

In ka shiga YouTube ka rubuta Bach Chaconne abin da za shi fito maka ya isa ya ruɗa mutum, ga tsoho da furfura, ga yarinya da ba ta kai ashirin ba, ga wani faifai tun na zamanin hoto baƙi da fari, kuma dukansu rubutun kiɗa guda ne gabansu, kowa shi kaɗai da gogenshi ba ganga ba mawaƙi ba 'yan amshi. Abokaina na fada kan ce mini to ka ɗauki guda mana ka bar sauran, mi ye na ƙone mega a kan abu guda. Ni ko a wurina daɗin kiɗan ga nan yake, wajen jin yadda hannu ya bambanta da hannu, kuma shi nike son mu taɓa yau.

Mutumin da ya rubuta shi Bajamushe ne, Johann Sebastian Bach, an haife shi 1685 ya rasu 1750. Daga 1717 zuwa 1723 shina shugaban makaɗa a fadar wani yarima mai suna Leopold a ɗan ƙaramin gari Köthen, kuma da yake ɗarikar gidan ba ta son dogon kiɗa cikin coci sai mafi yawan aikinshi a can ya zama na fada. A 1720 ya gama kundin nan na gogen Turawa, biyolon ke nan, guda shida: sonata uku, partita uku. Partita ɗin jerin kiɗan rawa ne, ita kuwa Chaconne ɗin ɓangare ne na ƙarshe na partita ta biyu. Takardar da ya rubuta da hannunshi har yau tana nan ajiye a Berlin, amma ba a buga ta ɗab'i ba sai 1802, ya fi shekara hamsin da rasuwa.

Abin da ya sa kundin ga ya zama gagarabadau shi ne biyolon tsirkiya huɗu gare shi, kuma jakin da ke ɗauke da su a lanƙwashe yake, don haka tsirkiya biyu kawai izga take iya gogawa lokaci guda cikin kwanciyar hankali. Bach kuwa sai ya rubuta murya uku, wani wurin huɗu, a tare. To ya za a yi? Dole makaɗi shi yi dabara, shi taɓa ta ƙasa shi sake ta shi haye ta sama, shi bar kunnenka ya ci gaba da riƙe wadda ya saki kamar tana nan tana tafiya. Ke nan rabin kiɗan cikin kan mai saurare yake haɗuwa. Kuma kowane makaɗi da irin tashi dabarar, wani shi fasa muryoyin biyu-biyu da ƙarfi kamar sara, wani shi mirgina su a hankali daga ƙasa zuwa sama, wani shi jinkirta kan ta ƙasan don ka san ita ce tushe.

In kana son ka ji wannan da kunnenka nemi ɓangaren da ake kira Andante na sonata ta biyu, ba shi da tsawo. A ƙasa akwai sauti guda da ke bugawa tif, tif, tif ba ya tsayawa, a sama kuma waƙa na tafiya abinta mai taushi, duka izga guda ke yin su. Sa ekuter ka rufe ido ka bi na ƙasan nan kawai, za ka ji wani makaɗin in waƙar sama ta yi daɗi sai shi manta da bugun ƙasa ya dusashe, wani kuwa ko kaɗan ba ya barin shi ya ɓace har ƙarshe. Ni da wannan nike gane wanda zan zauna da shi.

Tarihin ɗaukar kiɗan a faifai ma abin sha'awa ne. A 1903 Joseph Joachim, lokacin ya haura saba'in, ya tsaya gaban na'ura anka ɗauki ɓangare biyu na kundin ga, kuma suna nan a intanet, ƙarar shuuu ta kusa rufe kiɗan amma in ka daure za ka ji tsohon hannu mai tsabta, ba ya yawan kaɗa yatsa kan tsirkiya. Wanda ya fara ɗaukar shidan gaba ɗaya Yehudi Menuhin ne tsakanin 1934 da 1936, shina saurayi. Daga nan manya sunka biyo, Nathan Milstein ya yi sau biyu, na biyun a 1973, Henryk Szeryng a 1967, sai ɗan Beljiyam Arthur Grumiaux a 1960 zuwa 1961. Shi Grumiaux ɗin ne ma anka ɗauki Gavotte ɗinshi na partita ta uku anka sa cikin faifan zinariya da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Hannunshi akwai natsuwa, ba gaggawa ba nuna isa, in wani ya ce mini bai taɓa ji ba shina son na farko to shi nike tura mishi. Milstein kuma wuta ne, in ya shiga wurin gudu sai ka ji ka gyara zama.

Waɗannan duka da biyolon na zamani sunka yi. Sai wasu sunka taso sunka ce a'a, kayan da Bach ya sani ba haka suke ba, mu koma ma na asali. A zamaninshi tsirkiya da hanjin tumaki ake murza ta, izgar ta fi gajarta kuma bakinta ya fi sauƙi shi ya sa sautin kan tashi shi sauka da kanshi, ba wurin aza haɓa don wannan sai wajen 1820 anka ƙirƙiro shi, sannan masu wannan salon kan ɗaure tsirkiya ƙasa kaɗan da yadda aka saba yau. In ka kunna na zamani ka bi shi da na tsohon salo nan take za ka ji kamar an sauko da kiɗan mataki guda. Sergiu Luca ya yi a 1977, Sigiswald Kuijken a 1981, sai 'yar Ingila Rachel Podger a ƙarshen shekarun 1990, kuma gaskiya ita ce ta kama ni. A hannunta rawar tana fitowa rawa, in ta kai ɓangaren Gigue mai sauri sai ka ji ƙafa na son motsi, kuma kana jin gashin izga na cin tsirkiya, wannan ɗan kaushin da mu nan Maradi kunnenmu ya saba da shi tun muna yara wurin masu goge. Ba a goge shi an yi mishi santsi har ya rasa jiki ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi goge a ƙuruciyarshi kafin shi aje, wata rana da la'asar shina zaune ƙofar gida na ce Baba don Allah ga wani abu ina son ka ji. Na sa mishi Sarabande na partita ta biyu, na Milstein da fari sannan na Podger. Bai ce komi ba sai da na biyun ya ƙare, ya cire ekuter ɗin ya ce "Ɗana, na farkon ya fi ƙarfin hannu, amma ita wagga tana barin tsirkiya ta gama maganarta kafin ta sake taɓa ta." Ya tambaye ni ko su ma suna shafa ƙaro ga izga, na ce ƙwarai Baba, ba ya kamawa sai da shi, ya yi dariya ya ce to ai sana'a guda ce. Maganarshi ta zauna mini don abin da nike ji ke nan ban iya faɗi ba, tsirkiyar hanji in an sake ta sautin ba ya yankewa kwatsam, shina bajewa ne a hankali, kuma makaɗi mai haƙuri shina jira.

Amma ban yarda da masu cewa sai tsohon salo kaɗai ne daidai ba. Hilary Hahn 'yar Amurka tana da shekara 17 ta fitar da rabin kundin a 1997, sauran rabin sai 2018, da biyolon na zamani, kuma Chaconne ɗinta a hankali take tafiya ƙwarai, ta fi ta yawancin mutane tsawo, amma ko sauti guda ba ya gurɓata, kowace murya kana ganin inda ta shiga da inda ta fita. Isabelle Faust kuma, 2010 da 2012, ta bi tsakiya, sautinta siriri ne wani wurin kamar raɗa. Gidon Kremer nashi da kaifi yake har wani sa'in shina sukar kunne, ba kullum nike iya jin shi ba amma ranar da zuciya ba ta kwance shi ke daidai da ni. Miya guda ce, kayan haɗi guda, hannun mai girki ne ya bambanta.

To ita Chaconne ɗin. Ita ce ta rufe partita ta biyu, kuma ita kaɗai tsawonta ya kai na sauran ɓangarori huɗun a haɗe, wajen minti goma sha uku zuwa sha biyar a hannun yawancin makaɗa. An gina ta ne kan ɗan gajeren tubali da ke dawowa sau 64, kowane dawowa da sabuwar riga. Tana farawa da nauyi, muryoyi a cunkushe, sannan ta warware ta koma zare guda, ta yi ta hawa tana ƙara gudu har ta kai wani wuri da Bach bai ma rubuta sautukan ɗaya bayan ɗaya ba, ya jera su ne kawai ya sa kalma guda mai nufin a warwatsa su, yadda za a warwatsa ɗin ya bar ma makaɗi. Don haka wanda ya ce mini ai duk ɗaya ne, wurin nan nike kai shi, mai rubutun da kanshi ya bar ƙofa buɗe. Bayan wannan guguwar sai komi ya lafa, kiɗan ya juya ya yi haske, a hankali ƙasa-ƙasa, kuma wallahi duk sanda na iso nan sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, ko ina cikin shago ne. A nan ake gane makaɗi, wani shi shigo da zaƙi da yawa shi ɓata, wani shi shigo kamar ba ya son ya tada mai barci. Daga baya duhun ya dawo, akwai wurin da izga ke kai da komo tsakanin tsirkiya biyu, guda na tsaye kan sauti ɗaya ɗayar na matsowa kusa da ita tana nisa, har a koma kan tubalin farko a rufe.

Matar Bach ta fari, Maria Barbara, ta rasu a 1720 shina kan tafiya da yarima, ya dawo ya tarar har an rufe ta. Shi ya sa wasu ke cewa Chaconne makokinta ne. Masana ba su haɗu kan haka ba, kuma ni ban son a ɗaure kiɗan da labari guda, don makaɗin da ya sa makoki a ranshi sai shi ja komi da nauyi har rawar ta mutu, alhali asalin chaconne rawa ce.

Ba Bach kaɗai ba ne kuma. Tun kafin shi akwai Heinrich Biber da ya yi aiki a Salzburg ta Ostiriya, wajen 1676 ya rubuta Passacaglia wadda ta rufe wani kundi nashi na ibadar Kirista. Sauti huɗu ne ke gangarowa, su dawo su gangaro, sau 65, a samansu kuma goge na ta zuba magana. Duk wanda ya tashi da kiɗanmu inda amshi ke tsaye wuri guda jagora na yawo a kai, wannan ba za ta yi mishi baƙunta ba, ni ina ganin ma ta fi sauƙin shiga bisa Chaconne, kuma Podger ta ɗauke ta a 2013. Wani Bajamushen mai rubuta kiɗa, Telemann, shi ma ya fitar da kiɗan biyolon guda 12 da ake kira fantasiya a Hamburg a 1735, gajeru ne masu sakin fuska, na safe ne in ana haɗa shayi.

Abu guda da zan roƙa, kar a ji kiɗan ga da lasifikar waya. Tana yanke muryar ƙasa ne gaba ɗaya ta bar maka tsiwa, sai ka ce ashe abin ba daɗi. Ko ekuter na jika guda ya fi. Da shi za ka ji numfashin makaɗi kafin shi ɗaga izga, ka ji yatsa na sauka kan itace, ka ji ɗakin da anka ɗauka, wani cikin tsohon coci ne sautin na yawo kafin shi dawo, wani situdiyo ne a bushe kamar mutumin na tsaye kusa da kafaɗarka. Da rana hayaniyar kabu-kabu ba ta bari, ni bayan isha'i nike ji in gari ya yi tsit, kuma in rezo ya yi kyau gara ka sauke ka aje bisa waya don katsewa tsakiyar Chaconne ba ƙaramin takaici ba ne.

Masu son gani da ido, ƙungiyar Netherlands Bach Society ta ƙasar Holan ta zuba nata kyauta a YouTube, Shunske Sato ne ke kaɗa partita ta biyu da tsohon salo, kyamara na kusa da hannunshi har kana ganin yadda yake mirgina izga kan tsirkiya huɗun. Kalli wannan tukuna, sannan ka sa na Grumiaux, sannan na Hahn, ɓangare guda kawai ba duka ba, Sarabande ta isa tunda ba ta wuce minti huɗu zuwa biyar.