Inda na kai a tara kuɗin ƙasashe: na koma karatun shekaru

Assalamu alaikum 'yan uwa masu wannan sha'awa. Tun da alhazai suka watse na rage yawon neman sabbin sulalla, na zauna da waɗanda ke hannuna ina karanta su ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke tsakanin Jidda da Makka Allah ya yi mana gata, domin kuɗin duniya ne ke zuwa ya same mu har gida: alhajin Indonesiya ya bar maka canjinsa, na Mali ya miƙo maka sefa, na Turkiyya ya ba ka lira. Cikin sauƙi gwangwani yake cika. Amma ina ganin cikar gwangwani ba ci gaba ba ne idan mutum bai iya faɗin shekarar da aka buga abin da ke ciki ba, shi ya sa na mayar da hankali kan wannan fanni kaɗai a 'yan watannin nan.

Na fara da na Hijira, tunda shi ne a jikin riyal da halala. Lissafin da nake yi shi ne in ninka shekarar da 0.97, sannan in ƙara 622. Misali 1372 tana ba da 1953, ko da yake amsar takan kauce da shekara ɗaya saboda shekarun biyu ba sa farawa tare. Wanda yake son gwada hannunsa ya nemi sulen Maroko, su suna rubuta shekarun biyu a jiki, sai ya yi lissafinsa ya duba ko ya dace.

Daga nan abin ya fara ba ni mamaki. Sulen Tailan yana ɗauke da shekara irin 2560, kuma da lambobinsu na gida, saboda suna bin ƙidayar addinin Buddha wadda ta wuce ta Miladiyya da shekara 543. Habasha kuwa a baya take da shekara bakwai ko takwas, kuma shekararsu wata 13 ce: goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, da wani ɗan ƙarami mai kwana biyar ko shida. Takardun birr da suka fito a 2020 suna da 2012 a jiki tare da 2020 ɗin. Iran na ƙidaya daga Hijira amma da tafiyar rana, don haka 621 ake ƙarawa, babu ninkawa. Sai dai a nan akwai tarko. A 1976 Sarkin Iran ya sauya ƙidayar, aka wayi gari shekarar 1355 ta koma 2535, ana lissafi daga mulkin tsohon sarkinsu Sayirus. Abin bai wuce 1978 ba aka koma yadda ake. Duk wanda ya ga sulen Iran mai 2535 ko 2536 ko 2537, to ya san daga wannan ɗan tsakani ya fito.

Wanda ya fi cin lokacina shi ne babban kuɗin azurfar nan da tsofaffin nan ƙasar ke kira riyal faransi, alhali daga Ostiriya ya samo asali. Hoton Sarauniya Mariya Teresa ne a fuskarsa, kuma kusan duk wanda za ku gani a kasuwa 1780 aka rubuta masa. Wannan shekarar ce ta rasu. Fatake a Yaman da Habasha da Sudan da nan Jaziratul Arab sun riga sun amince da shi a wannan kama, ba sa karɓar wanda aka sauya wa komai, sai aka ci gaba da buga shi da tsohuwar shekarar. Ba a Biyana, babban birnin Ostiriya, kaɗai ba, har a Landan da Paris da Rum da Bombay an buga shi, duk da 1780 a jiki. Ya shiga ƙasar Hausa ma ta hannun fatake, kuma iyayenmu da suka taka da ƙafa ta Cadi da Darfur zuwa Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan, sun san shi sarai. Saboda haka idan mai shago a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ya ce muku wannan ya haura shekara ɗari biyu, ku biya shi kuɗin azurfa kawai, kada ku biya kuɗin tsufa. Ni abin da nake yi yanzu, ina ɗora shi a ƙaramin sikelin maƙera zinariya: na gaskiya yana kai giram 28, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Wanda ya gaza a ɗayan biyun nan ba na ƙara kallonsa. Na samu guda ɗaya mai ɗan kunne da aka liƙa masa a sama, alamar an taɓa rataya shi a sarƙar wuya. Masu tarawa suna rage wa irinsa daraja, ni kuwa ya fi burge ni, don na san wata baiwar Allah ta yi ado da shi.

Akwai abin da ya kamata kowane ɗayanmu ya sani game da ƙasar da muke zaune. Takardar kuɗi ta farko a Saudiyya saboda alhazai aka yi ta. Kafin nan da riyal na azurfa ake ciniki, alhaji ya yi ta fama da jaka mai nauyi a cikin cunkoso. A 1953 hukumar kuɗi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1952, ta fitar da rasit na alhazai mai darajar riyal goma, an rubuta shi da harsuna shida: Larabci, Farisanci, Ingilishi, Urdu, Turkanci da Malayanci. Alhaji ya ba da kuɗinsa ya karɓi takarda. 'Yan kasuwa suka ga sauƙin abin, suka riƙa karɓarsa a tsakaninsu har bayan aikin Hajji, aka ƙaro na riyal biyar da na riyal ɗaya. Sai a 1961 aka fitar da takardun riyal na sosai. Indiya da Pakistan su ma sun taɓa buga takardun rufi na musamman don alhazansu. Na ga rasit ɗin a hannun wani dattijo mai sayar da tsofaffin kuɗi, kuɗinsa ya fi ƙarfina a yanzu, amma ya bar ni na duba shi da gilashin ƙara girma. Ku yi hattara, akwai na hoto da yawa da ake sayarwa a cikin firam.

Ƙananan abubuwan da na rubuta a littafina: ugiyar Muritaniya ba ta rabuwa ɗari, gida biyar take rabuwa, haka ma ariyari na Madagaska. Dinarin Kuwait kuwa filis dubu ne.

Wata hajiya, 'yar uwar mahaifiyata, ta kawo mini anini daga Kano, mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida. A wancan zamani anini goma ke yin kwabo. Na farkonsa da aka buga a 1907 da alminiyam aka yi shi, yana cikin sulallan farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma bai jure yanayin ƙasarmu ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Nawa na baya ne. Na nuna shi ga wani abokina Basaudiye tare da takardar naira dubu, ya karanta Larabcin da ke jikin aninin, da ya zo kan nairar sai ya tsaya, saboda ajami ne, Hausa ce zalla.

Game da adanawa, laimar Jidda ba ta raga wa jan ƙarfe. Ina sa kowane sule a ɗan kwalinsa mai taga, in rubuta ƙasa da shekarar jiki da ta Miladiyya a gefe, in jefa ƙunshin nan mai shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a akwatin. Kada ku wanke sule da lemon tsami ko man goge ƙarfe, ƙyallin da zai yi ɓarna ce. A riƙe shi ta gefe. Takarda kuma ba a yi mata guga.

Aikin da ke gabana shi ne sulen Japan, wanda ake ƙidaya shekararsa daga hawan sarki, kuma sai na haddace lambobinsu tukuna. 'Yan uwa na Madina da na Riyad, wanda yake da yen biyar mai huda ya yi mini magana, ina da rarar sefa da tsofaffin ƙirish na Sudan da za mu yi musaya.