Yammacin Asabar a Bakin Ruwan Bomo

Zafin watan Maris ne ya kore mu daga gida. Ni da ƙanina muka hau babur daga Samaru muka nufi ƙauyen Bomo, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Ya so mu je dam ɗin Kubanni na cikin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na ce a'a, can ɗalibai sun yi yawa.

Ruwan ya ja baya sosai, bakinsa duk taɓo da sawun shanu. Masu noman rani na ta ban-ruwa da inji, ga tumatir ga albasa, balbelu na bin garken wani Bafulatani. Muka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro muna shan rake.

Wani dattijo ya fito daga ruwa da gora da koma, tarwaɗa uku na mutsu-mutsu a ƙwarya.

"Sannu da aiki, Baba. Nawa za a bar mana?"

"Ɗan nan, wannan ta miyar gida ce," in ji shi, yana dariya.

Ƙanina kuwa garin ɗaukar hoto taɓo ya haɗiye masa silifa ɗaya. Da ƙafa ɗaya a takalmi ya je sallar magariba a masallacin ƙauyen, yara na ta leƙensa.